Maganin Ranar Wanki

Bakura, 3 ga Yuli

Zuwa ga ɗiyata Mubina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikin kantin magani. Har gobe ina ba 'yan ajina labarinki, yarinyar da ke cin gindin biro ga ta yau tana harhaɗa magunguna.

Maigidana, Malam Labaran, yana nan ana fama. Litinin da Alhamis muna zuwa birni wankin ƙoda. Yanzu kuma likita ya ce wata ƙwayar cuta dangin fumfuna ta shiga jininsa ta bututun da aka sa masa a wuya. An ba shi fulkonazol, aka ce ya sha ranar wanki kaɗai. Kin san ni da kiyaye lokaci. Da an sallame asuba nake ba shi da kunu kafin mu hau mota, don in ya dawo ko ruwa ba ya iya haɗiya. Mako uku ke nan ban yi fashi ba. Har zolayata yake: "Hidaya, ni ma kin sa ni a rajistar aji ne?" Amma zazzaɓin ya ƙi sauka, kullum kuma tambayarsa ko an yi wa shinkafarsa ta Bakolori ciro. Ke da kika san magani, ko wannan jabu ne?

Allah Ya yi miki albarka.
Malamarki, Hidaya

Talata Mafara, 8 ga Yuli

Malama,

Ina gaishe ki da girmamawa, ya mai jiki? Na kira wayarki har na gaji, ba ta shiga, shi ya sa na ba direban motar albasa wannan takarda.

Don Allah ki daina ba shi da asuba. Na'urar wanki ba ta bambance dattin jini da wannan magani, cikin awa uku tana kwashe kusan rabinsa. In an ce ranar wanki, ana nufin bayan an cire shi daga na'ura. Ki gaya wa likita yadda kike ba shi, tun kafin Alhamis.

Ɗalibarki, Mubina

Bakura, 19 ga Yuli

Mubina,

Sallama a gare ki. Malam ya rasu ranar Alhamis a hanyar dawowa, kansa bisa cinyata. Direban ya mance takardarki cikin mota, sai ranar addu'ar uku ya kawo ta, tare da ta'aziyyarsa.

Na karanta ta ya fi sau goma. Ashe duk sammakon da nake yi, na'ura nake ba magani. Mutane suna shigowa suna cewa, "Hidaya, kin yi jinya, ba ki rage komai ba." Ni kuwa ina amsa da amin.

Na san kwana ne ya ƙare. Amma ki gaya mini abin da iliminki ya sani: da na ba shi bayan wanki, da ya tashi?

Malamarki

Talata Mafara, 22 ga Yuli

Malama,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya ba ki haƙuri.

Cutar da ta shiga jini tana da wuyar sha'ani ko ga mai lafiyayyar ƙoda. Kuma haƙƙin wanda ya miƙa miki maganin ne ya faɗi lokacinsa, ba naki ba ne ki sani. Ina nan zuwa ranar Asabar in zauna da ke.

Ɗiyarki, Mubina

Bakura, 24 ga Yuli

Ɗiyata,

Na gode, Allah Ya ba da lada.

Shekara talatin ina duba takardun yara. Na san hannun wanda bai san amsa ba, na kuma san na wanda ya sani ya tsallake. Ban ga laifinki ba.

Ki zo Asabar ɗin. Ba zan sake tambaya ba.

Malamarki, Hidaya