Tsohuwar da Take Kiran Sunanki a Ma'adi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ɗiya take yi a durƙushe, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Ƙara na kawo miki daga Alƙahira, kuma na san da kina raye dariya za ki fara yi mini.

Akwai wani ɗan gidan abinci na Turkawa a unguwarmu ta Ma'adi, teburinsa bai fi shida ba. A bakin taga wata tsohuwa take zama tana murza kwaɓin fulawa. Sai ta yanka ƙanana, ta ƙunsa niƙaƙƙen nama, a dafa, a kwarara kindirmo mai tafarnuwa da narkakken man shanu. Manti suke kiransa. Wai a garinsu, Kayseri, ba a yaba hannun mace sai guda arba'in sun shiga cokali ɗaya.

Can Baban Ummi ya kai mu. Ummi takwararki ce, Inna, bayan rasuwarki na haife ta. Yarinyar da sai an yi dambe take haɗiye lomar tuwo uku, ranar har cokali ta lashe.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Tsohuwar ta tambaye ta sunanta, ita kuwa uwar surutu ta faɗi na yanka. Tun daga ranar, muna shiga za ta ɗaga murya ta kira shi gatsau, sunan da ni ko a takardar nan ba zan iya rubutawa ba. Ta ɗora ta a cinya, ta ba ta a baki. Yanzu Ummi Teta take ce mata, wato kaka. Wallahi kishi nake, Inna. Cinyarki ce wannan, wata ta samu a ɓagas.

Na ce sai na ƙwato miki jikarki. Na sa ɗalibai 'yan ƙasarmu da ke unguwar Abbasiya suka samo mini garin ɗanwake da kanwa da kuka, don ta san kakarta ta gaskiya ma gwana ce. Ina sakawa a tukunya ya narke ya koma kunu. Sai na tuna yadda kike kirana madafa ina fakewa da karatu, kina cewa, "Wata rana za ki neme ni a bakin murhun nan." Ummi ta ɗanɗana don kara, ta ce gobe mu je wurin Teta.

Mun je. Na zauna ina cika ina batsewa. Can sai tsohuwar ta duba aikin ɗiyarta, mace sa'ata, ta ga ƙunshin ya yi girma. Ta ɗaka mata duka a bayan hannu, ta rufe ta da faɗa a gaban jama'a. Ɗiyar ta turo baki, ta waiwayo tana ba ni haƙuri, wai uwarta ba ta gajiya da mita.

Na ajiye cokalina. Ashe ba tsohuwar kaɗai nake kishi da ita ba. Na lalata tukunya guda ta ɗanwake, Inna, kuma duk faɗin garin nan babu wanda ya yi mini faɗa.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yafe miki, Ya sada ki da takwararki a Aljanna ki ɗora ta a cinyarki.

Taki har abada,
Autarki mai ƙiwuyar girki.