Sun Ɗauka Rawa Kake Yi

Yaya Isiyaku, ka ji tafin da suka yi maka kuwa?

Assalamu alaikum. Ni ne Habu. Na san ba za ka karanta ba, ko da kana raye ma dariya kake wa rubutuna. Amma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Inna tana nan, sai dai ta daina zuwa bakin kogi wanki. Ruwa ya ci rabin shinkafarmu. Ni kuma na baro ƙauye na shigo Haɗeja, cikin 'yan wasanku. Har yanzu ban gane kan mutanen nan ba.

Wasan nan naku na masunci da matarsa, wanda ake yi tun Baba yana saurayi, yanzu na gan shi a dandali. Sai a yi ta magana, a yi ta waƙa, amma in an zo inda masuncin zai nutse kowa sai ya yi shiru. Ba mai cewa ya mutu. Rawa ce ke faɗa. A girgiza shuɗin zane, kalangu ya rage sauri, mai rawa ya riƙa miƙa hannu sama yana durƙushewa, har ƙarar akayau ɗin ƙafarsa ta ɗauke. Mata su yi ta kuka. An ce ba wanda ya kai ka iya wurin. Ni ban taɓa zuwa na kalle ka ba, kunya nake ji a ce yayana ɗan rawa ne. Ashe kai ne kake ɗauke da labarin duka.

To da aka zo mai da shi fim, wai Oga Sabitu, daraktan, ya ce zane ƙarya ne, ruwan gaske yake so. A tsakiyar damina! Ya ɗora ka a kwalekwale da babbar riga da akayau na ƙarfe ƙafa biyu. Wane ɗan masunta ne ke shiga ruwa da ƙarfe a ƙafa? Kai ka sani, Yaya. Me ya sa ba ka ce a'a ba?

Mai kalangu ne ya ba ni labari. Ya ce da kwalekwalen ya kife, kana miƙo hannu kana komawa, su suna tsaye a gaɓa suna tafi. Sun ɗauka rawa kake yi. Oga har yana cewa kar a kashe kyamara.

Kuma bai cire wurin ba. Yana cikin fim ɗin, sun sa masa kiɗa. A shagon cajin waya na gani, wani ɗan acaɓa yana ta maido shi baya yana cewa kai, wannan ya iya wasa. Na fice daga shagon.

Oga bai san ni ba. Bai zo gaisuwa ba, balle ya ga fuskata. Ya dai ji na iya tuƙin kwalekwale, ya ɗauke ni aiki. Yau za a ɗauki kashi na biyu, kuma ya ce daga tsakiyar ruwa yake son ɗauka, ni zan kai shi. Na ji yana tambaya ko wurin da zurfi. Bai iya ruwa ba, Yaya.

Inna ta ce in bar wa Allah. Na bar wa Allah ran Oga, ba zan kifar da shi ba, kar ka ji tsoro. Amma zan kai shi daidai gurbin da aka tsamo ka, in jefar da sandar tuƙi, in faɗa masa sunan babanmu, ya san ni ƙaninka ne. Akayau ɗinka suna cikin buhuna. Zan miƙa masa in ce ya ɗaura, ya miƙe tsaye ya taka. Sai ya kira sunanka da ƙarfi, na gaɓa sun ji, kafin in maido shi.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta. Dole in tafi yanzu, ga motarsu can tana hon.

Ƙaninka,
Habu