Gashin Kaza da Baƙin Layi

Litinin, 19 ga Satumba

Shayi ya sake zubar min a zane da safen nan. Karo na uku ke nan cikin sati guda. Kofin ne yake cika da yawa.

Mduduzi, ɗan gidan Skosana da suka naɗa shugaban kwamitin bikin unguwa, ya kawo takardar sanarwa. Asabar ne, a filin zauren taro. Rawar 'yan mata, gangar dattawa, teburin masu saƙar duwatsun ado, wasan kwaikwayon 'yan makaranta, gasar girki, har da lilon yara. A tsakiyar takardar kuma sunana ne da manyan haruffa: NaKabini za ta zana bangon zaure a gaban jama'a, ƙarfe goma.

"Kaka, ai ke ce bikin," in ji shi. "Har daga Pretoria za a zo kallon hannun nan naki."

Na tura hannun cikin bargon da na yafa na ce to. Me ya kai ni cewa to?

Talata, 20 ga Satumba

Na gwada jan layi a bayan akurkin kaji, inda ba mai gani. Shekara hamsin da ɗaya ina jan baƙin layi a bango da ɗaurin gashin kaza, ba rula, ba zare, ba fensir, ido ne da hannu kawai, yadda uwata ta koya min. Wadda ta ja baƙi ita ce mai bango. Cika launi a tsakanin layuka kuwa aikin 'yan koyo ne, kowace yarinya ta iya.

Layin yau ya fita kamar sawun tsutsa. Na ja na biyu, ya fi na farko muni. Na yi maza na shafe da farar ƙasa, don na ji tarin NaMtsweni maƙwabciyata a bayan katanga, ita kuwa abin da idonta ya gani da safe, kafin azahar ya kai kasuwa.

Na share tsakar gida sau biyu. Na kasa zama.

Laraba, 21 ga Satumba

Asibiti. Nas ta ce rawar hannun ba ta warkewa, sai dai a lallaɓa. Yarinyar da aka haifa jiya.

Bathabile ta yi waya, wai za ta zo Juma'a saboda biki. 'Yata guda ke nan, shekara talatin da takwas, tana can birni tana zaman kanti. Tun da na ajiye wayar nake tuna ranar nan. Tana da shekara goma sha biyu na ba ta gashin kaza a bangon ɗakin girki, layinta ya ɗan karkace, ga mata sun taru, na fizge na ce, "Hannunki ba na baƙi ba ne, je ki cika rawaya." Ba ta cika rawayar ba. Ba ta sake taɓa bango a gabana ba har yau.

Gaskiya na faɗa ai. Layin ya karkace.

Alhamis, 22 ga Satumba

Zan rubuta, tunda ba mai karantawa.

Da sassafe na ɗauki fensir da wani miƙaƙƙen katako na tafi zaure. Na dafa katakon a bango na bi da fensir, siriri, yadda sai wanda ya kai hanci zai gani. Duk zanen, daga ƙofa har kusurwa. Ni! Ni da na taɓa tsayawa a ƙofar wata amarya na yi mata dariya don ta ja zare kafin ta yi layi. Ranar Asabar sai in bi sawun fensir, ko hannun ya yi rawa yana da abin bi.

A hanyar dawowa na ci karo da NaMtsweni.

"Ke NaKabini, ina zuwa da katako da farar safiya? Kafinta kika koma?"

Na ce ƙofar akurki ce ta ɓalle. Ta kalli katakon, ta kalle ni. Kunya kamar in nutse. Ko abincin rana ban iya ci ba.

Juma'a, 23 ga Satumba

Wayyo ni.

Mduduzi ya shigo yana washe baki, farar ƙasa har gira. "Kaka, kin ga aikin yaran unguwa? Sun bi bangonki duk sun yi masa zane da fensir! Amma kar ki damu, mun sake shafe shi, shafi biyu. Tas yake kamar ƙwai."

Na ce Allah ya yi albarka. Me zan ce? Da ya fita na zauna a kan bokiti na yi dariya har hawaye suka zo, daga nan kuma ban san ko dariya ce ba.

Bathabile ta iso da la'asar. Na zuba mata shayi, rabi a kofi rabi a faranti. Ta kalli farantin, ta ce tuwon masarar birni ba ya ƙosarwa. Shi ke nan abin da ta ce.

In ce zazzaɓi nake yi? In ce fenti bai yi kyau ba? Gobe ƙarfe goma.

Asabar, 24 ga Satumba

Filin ya cika maƙil. Ganga ta wannan gefe, lasifika ta wancan, hayaƙin gashin nama, yara da fuskoki shafe da launi suna ta guje-guje. Na sa bargona na ado da ƙarafunan wuyana na gargajiya. Aka yi min guɗa, aka ɗaga wayoyi.

Na tsoma gashin kazar a baƙi. Na kafa a bango. Taƙi ɗaya ya tafi daidai, sai hannun ya ƙwace, layin ya yi tsalle, baƙi ya gangaro kan farin bango. Masu ganga ma sai da suka sassauta. Na ji wani yana cewa, "A kawo wa Kaka kujera." Kujera! Gara a mare ni.

Sai muryar NaMtsweni daga baya: "Ku yi mana shiru, tana gwada fenti ne!" Ita fa. Ashe ta sani tun ranar katako, kuma ba ta kai kasuwa ba.

Na juya. Bathabile na tsaye da robar fentin rawaya a hannu, tana kallon ƙasa. Ban shirya ba, bakina ne ya yi gaba.

"Bathabile, ajiye wannan. Zo ki ja baƙi."

"Mama, hannuna ba na baƙi ba ne." A hankali ta faɗa, ni kaɗai na ji. Shekara ashirin da shida, ba ta manta ko kalma ɗaya ba.

Na ce, "Wadda ta faɗa miki haka ba ta iya magana ba. Karɓi."

Ta karɓa. Ta ɗora daga inda nawa ya lalace, ta faɗaɗa layin ya haɗiye ɓarnar, ta ja shi har kusurwa da numfashi ɗaya. Miƙe sak. Na matsa na duba da kyau, ina neman inda ya karkace, Allah ya yafe min. Babu.

"A ina kika koya?" na tambaye ta.

"Bayan ɗakin hayata. Ina ja, ina shafewa, duk Lahadi." Ba ta kalle ni ba. "Kawo min baƙi, Mama, ya kusa ƙarewa."

Na kawo mata. Daga nan na ɗauki robar rawaya na shiga cikin 'yan koyo, tsakanin wasu 'yan mata biyu masu giɓi a haƙoran gaba.

Lahadi, 25 ga Satumba

Na je na kalli bangon kafin coci. Kusurwar hagu ta ɗan yi faɗi, amma ba laifi. Rawayata ta haura layi a wuri biyu, wani ya bi da baƙi ya rufe. Ban tambaya ba.

Ta tafi da motar ƙarfe biyu. Na naɗe gashin kazar a tsumma na cusa mata a jaka. Ta ce, "Mama, na kakata ne fa salon ɗaurin gashin nan." Na ce aro ne, kar ta ɗauka wani abu.

Ban faɗa mata ranar da za ta dawo da shi ba.