Na Sa An Toshe Tagar

Zuwa ga mai kula da wannan fili,

Shekaruna saba'in da tara, kuma ba tausayi na zo nema ba. Mai shi ya adana abinsa. Shawara nake so, ko da yake na fi sabawa da bayarwa.

Ina shugabar makaranta na yi ritaya. Ni na reni jikata bayan rasuwar uwarta. Yanzu ta zama marubuciya, ta jero littattafai uku kan wata yarinya da ta bar gida wai don ta gano kanta, sai ka ce a kasuwa ta yar da shi. A ciki akwai wata kaka wadda ba ta da sana'a sai zaman bakin taga, tana share hawaye tana jiran dawowar yarinya. Littafi uku cur, baiwar Allahn nan ba ta tashi daga kujera ba!

Kowa ya ce ni ce. Maƙwabta sun koma yi mini magana ƙasa-ƙasa kamar majinyaciya. Wani tsohon ɗalibina, wanda a da ko tari ba ya iyawa a gabana, ya kama mini hannu zan tsallaka titi.

Alhali ni na haɗa mata akwati, na ce kada ta kuskura ta waiwayo. Kujerar kuwa, saboda hasken karatu na ajiye ta a wurin. Tun fitowar littafi na uku ban ɗaga kiranta ba.

Jiya na sa magini ya toshe tagar da bulo. Sai ta nemi inda za ta zaunar da ni a na huɗu.

Kakar da ba ta kuka

Ranki ya daɗe, Malama,

Kina da gaskiya: wadda ta haɗa akwatin nan ta cancanci babi guda, ba kujera kaɗai ba. Ki faɗa mata da bakinki. Tsakanin kaka da jika ai ba a ɓoye tsiya.

Sai dai ga alama yarinya ta saɓa umarni, ta waiwaya, ta ga abin da ta gani. Duk tsawon zamanta a nesa, abin da ta riƙe shi ne akwai mai jiran ta. Wannan ba raini ba ne. Kuma ban taɓa jin an sayi bulo don a toshe ƙarya ba.

Siminti bai gama bushewa ba. Ki kira magini da safe, ki ɗaga kiranta da yamma. In ba haka ba, ranar da ta taho, ta ina za ki hango ta har ki yi wuf ki ɗauki littafi kamar karatu kike yi?

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.