Ragon Bakance Ya Tsufa

Daren Laraba, Kazaure

Allah ya yafe mini, yau na yi gunaguni da gwamnati. 'Yata Sadiya ta sake dawowa gida da jakarta. Malaman jami'a sun koma yajin aiki, wai gwamnati ta ƙi sakin kuɗin makarantu.

Ranar da aka ɗauke ta a jami'a na yi bakance zan yanka ɗan ragona idan ta gama. Yanzu haƙoransa sun zube, dusa ma sai na jiƙa masa.

Babanta ya leƙa turke ya ce, "Hajiya, wannan ai ya isa ritaya."

Sadiya ta ce, "Inna, a yanka kawai mu ci."

Na ce ba haka na yi wa Allah alkawari ba.

Gobe zan aika a tambayi liman, ko ɗan da ragon ya haifa zai iya tsaya wa ubansa.