Rantsuwar Zaure

Andros, 9 ga Oktoba

Yayana Cleophas,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Merlene da yara. Ya sanyin Toronto, ya kuma ciwon gwiwar nan da kake ɓoye wa kowa? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Ubangiji. Na san za ka yi mamakin ganin takarda. A waya katse ni kake yi, takarda kuwa dole ka bari in kai aya.

Jiya na fita da Mista Halvorsen, tsohon Baturen nan da yake zuwa fatsar kifin ƙaya shekara goma sha huɗu ke nan. Ruwa yana cikowa a filin yamma, shimfiɗar yashin nan da teku ke rufewa, bai wuce ƙauri ba, garau har kana ƙirga sawun ƙaguwa a kan yashi. Ina tsaye a bayan jirgi ina tura gora, sai na hango inuwa. Ka san kifin nan ba a ganinsa, inuwarsa ake gani. Na ce, "Saitin ƙarfe goma sha ɗaya, ɗan hagu da goshin jirgi, taku arba'in, jefa." Ya ce, "Verneta, ni fa ban ga komai ba." Na ce, "Wa ya ce ka gani? Cewa na yi ka jefa." Ya kaɗa zaren a iska sau biyu, ƙugiyar da aka naɗa wa gashi ta sauka a hankali kamar ɗan jatan lande. Kifin ya kifa kai, wutsiya ta fito tana sheƙi, sai zare ya ɗauki kuka. Kafin tsohon ya rufe baki kifin ya kwashe zare taku ɗari. Yaya, shekara talatin ina wannan aiki, amma har yau in na ji kukan nan sai tsikar jikina ta tashi.

Da muka jawo shi za mu sake shi, sai na ga 'yar alama rawaya a bayansa. Ta Dakta Keturah ce, yarinyar nan 'yar Nassau mai binciken kifi. Masu alamar nan har wata 'yar na'ura take sa musu a ciki don ta riƙa jin inda suka bi. Shekara shida tana neman abu ɗaya: inda kifin ƙaya suke taruwa in wata ya kusa cika, kafin su faɗa zurfi su zuba ƙwai. Ta tambayi kowane mai gora a tsibirin nan, mu masu kai baƙi fatsa. Ni ma ta tambaye ni, na ce mata ban taɓa ji ba.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Wani kamfani zai gina masaukin baƙi a gabas, za su yashe hanya don manyan jirage su shigo. Sun kafa jajayen tutoci a ruwa. Na je na gani da idona, tutocin sun ratsa tsakiyar Zaure.

Ka tuna ranar da Baba ya kai mu, kana da shekara sha biyar ina da sha biyu. Ya ce nan ne zauren da kifi suke taruwa kafin su shiga cikin gidan teku. Ya gaya mana yadda yana saurayi ya nuna wa wani aboki wurin, abokin ya dawo da masu taru, aka shekara bakwai filayenmu kamar an share. Sannan ya ɗora hannuwanmu a kan Littafi Mai Tsarki, muka rantse ba za mu gaya wa kowa ba. Na riƙe, har mijina ya koma ga Ubangiji bai sani ba. Yanzu in na yi shiru jirgin yasa zai cinye wurin, in na yi magana na karya rantsuwar Baba. Mu biyu muka rantse, shi ya sa nake neman ka sake ni.

Ka gaida Merlene, ka ce mata ina nan da alkawarin ƙaguwa.

Ƙanwarka,
Verneta

27 ga Oktoba

Yaya Cleophas,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, amsarka ta iso. Layi huɗu! Wai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, wai abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ji. Sai dai Baba taru ya hango, bai hango jirgin yasa ba. Duk da haka na bi maganarka, ga kuma yadda ta kaya.

Ranar Alhamis aka yi taro a ɗakin makaranta. Mutumin kamfani ya baza taswira, ya ce masu bincikensu sun duba wurin a watan Yuni, babu komai sai yashi da ciyawa. Gaskiya ya faɗa, a watan Yuni ko kai ka je abin da za ka gani ke nan. Wata jami'a daga ma'aikatar gwamnati mai ba da izinin aikin ta dube mu, mu tara masu gora, ta ce, "Ku ne 'yan ruwan nan. Akwai wanda ya san wani dalili da zai hana a yi aikin?" Kowa ya yi gum. Ni ina kallon takalmina, Hartman, ɗaya daga cikinmu, yana kallon fanka. Dakta Keturah ta miƙe ta ce tana da yaƙinin wurin taruwar yana gefen gabas, amma ba ta da hujja. Aka ce mata a kawo hujja kafin talatin ga Nuwamba, in ba haka ba aiki zai fara. Ta zauna idonta ya yi ja. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Ka san abin da ya ƙara ɗaure min harshe? Baba Alphaeus yana zaune a gefena. Tsohon nan da bai taɓa shiri da Babanmu Ezra ba, wanda duk Nuwamba in na nufi Zaure sai in hango jirginsa daga nesa, dole in karkata in yi ta zagaye har ya ɓace. Na daɗe da sanin bibiyata yake yi.

Da muka fito ya tare ni a bakin ƙofa. Ya ce, "'Yar Ezra, yau an ɗinke bakin ne? Ke da kike koya wa fasto wa'azi?" Na ce, "Baba Alphaeus, naka bakin da ba ya rufuwa ko a wurin jana'iza, me ya same shi?" Ya ce, "Haƙori ke ciwo." Na ce, "Wanne? Ai guda uku suka rage." Ya yi tsaki ya wuce, amma na ga bai yi dariya ba, shi da yake dariya ko an zage shi.

Cikar wata ɗaya ta rage mana, ta Nuwamba. Ba na cin abinci, Yaya. Na dafa shinkafa da ƙaguwa jiya, kare ne ya more.

Ka gaida gida.

Verneta

14 ga Nuwamba

Yayana,

Ina gaishe ka, ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Ka zauna kafin ka karanta wannan. Na karya rantsuwar.

Shekaranjiya da safe na je kabarin Baba na cire ciyawa, na gaya masa abin da zan yi. Ban nemi izininsa ba, sanar da shi na yi. Da la'asar na ɗauki Dakta Keturah da kayanta. Na ce mata, "Ƙarya na yi miki shekara shida. Shiga jirgi." Ta shiga.

Muna zagaya kurmin ruwan nan na ƙarshe, sai ga jirgi a tsaye daidai bakin Zaure. Baba Alphaeus ne, da adda a kan cinyarsa. Wannan karon ban karkata ba, na tura har jiragenmu suka gogi juna. Na ce, "Kifi na ganinka, mai jar koma. Yau dai ka samu abin da kake bina dominsa." Ya ce, "Ni nake bin ki? Yarinya, shekara talatin ina ganin jirginki yana shawagi a nan, ina cewa 'yar Ezra na neman wurin da za ta kawo Turawanta. Ni nake janye ki daga wurin!" Na ce, "To addar fa?" Ya dubi addar. Sannan ya ce, "Ta yanka taru ce. Ina cikin jirgin da ya zo wancan karon, ina da sha tara. Da hannun nan na ja. Kifi ya fi ƙarfin jirgi, muka zubar da rabi a gaɓa ya ruɓe. Har yau ina jin warin. Tun daga shekarar ban taɓa fashin zuwa gadi ba."

Ban gama haɗiye wannan ba sai muka ji inji. Hartman ne, ya zo da wayar 'yarsa zai ɗauki hoto ya aika ma'aikata ba suna. Yana ganinmu ya kashe inji ya ce, "Kai! Ku kuma wa ya gaya muku Kasuwar kakata?" Kasuwa ake ce wa Zaure a gidansu. Bayansa ga Prescola mai gora da mijinta, a nasu gidan Tasha ake ce wa wurin, ita ma uwarta ta rantsar da ita. Jirgi huɗu, rantsuwa huɗu, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa, muna haɗuwa a coci duk Lahadi muna gaisawa. Dakta Keturah ta dafe kai ta ce, "Shekara shida! Na ci abinci a gidan kowannenku!" Prescola ta ce, "Ai ba mu hana ki abinci ba, 'yar nan."

Muna cikin dariya Baba Alphaeus ya ɗaga hannu, duk muka juya ga ruwa.

Yaya, ka gani sau ɗaya kana yaro, ban sani ba ko ka tuna. Ruwan ya yi duhu daga arewa kamar inuwar girgije, alhali sama tas take. Duhun ya taho har ya shige ƙarƙashinmu, ya fi filin ƙwallon makaranta faɗi. Kifin nan da muke wuni muna neman ɗaya, wanda inuwar zare kaɗai take kora, ga su dubu a kan dubu, kafaɗa da kafaɗa, suna juyawa a hankali, ba su ma san da mu ba. Manyan shak biyu, kifayen nan masu farauta, suna kewaya gefe, amma kifin ƙaya ko kallonsu ba su yi. Da rana ta sunkuya sai suka fara tasowa suna haɗiyar iska, bayansu yana fitowa ja kamar garwashi, ƙarar kamar ruwan sama a kan kwano. Kumfa ta rufe ruwan. Na zauna a kan dakalin jirgi ina kuka, ban san lokacin da na fara ba.

Na'urar Dakta sai ƙara take yi, tana karanto lambobi. Ta kama hannuna ta ce, "Anti Verneta, naku na filin yamma yana nan, wanda kika ce kun saki ranar takwas ga Oktoba. Mil saba'in ya yi." Baba Alphaeus ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Sannan, ba wanda ya ga alamar da aka ba su, gaba ɗaya suka juya suka fuskanci shuɗin ruwa inda ƙasa take yankewa, suka gangara zurfin da ba mu taɓa gani ba. Ruwan ya koma fari, sai jajayen tutoci suna kaɗawa.

Mun sa hannu a takardar Dakta mu biyar, kowa da cikakken sunansa. Ba na neman ka yafe min. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, in na je lahira ni zan amsa wa Baba.

Taka,
Verneta

19 ga Disamba

Yaya Cleophas,

Gaisuwa da fatan za ku yi Kirsimeti lafiya. Wata guda ba ka rubuto ba, ba ka ɗaga waya ba. Merlene ta ce min ka karanta takardata sau uku ka sa ta cikin Littafi Mai Tsarki. Wannan ya ishe ni.

Ma'aikata ta dakatar da aikin. Za a karkatar da hanyar mil huɗu kudu, ranar Litinin aka cire tutocin. Amma abin da ka ji tsoro ma gaskiya ne, ba zan ɓoye maka ba. Yanzu Zaure yana kan taswira, duk mai ido zai karanta. A cikar watan nan Hartman ya kori wani baƙon jirgi da taru a ciki. Shiru ya tsare wurin shekara hamsin, yanzu sai dai mutane su tsare shi.

Saboda haka mun raba gadi, daga Oktoba zuwa Janairu, kwana biyar kafin kowace cikar wata, jirgi biyu biyu. Baba Alphaeus ya ce baɗi ba zai iya ba, idonsa ya fara hazo. Ya kawo min addarsa har gida ya ce, "Ba ke na ba wa ba, ke bakinki ya fi adda. A ba ɗan Ezra."

Kifin nan na filin yamma ya koma gida, Dakta ta ji shi kwana tara bayan taruwarsu a Zaure, a kan yashin da muka sake shi. Kansa bai kai babban yatsana biyu ba, amma ya san hanya. Kai shekara goma sha tara ke nan rabonka da gida.

Na rubuta sunanka a Nuwamba mai zuwa, jirgina, ni a gora kai a gaba. Ka ce min rantsuwa ba ta tsufa, na yarda. Ni na karya tawa don su rayu, kai taka tana nan, kuma daga Toronto ba a gadi. Addar tana rataye a ɗakinka, na wasa ta.

Ƙanwarka mai jiranka,
Verneta