Takardar da Ke Cikin Matashin Shahad

Aziziyya, Jidda

Zuwa ga Yaya Saudatu,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da zan ɗora miki damuwa, ga ciwon ƙafa kina fama. Ya jikin? Ya mutanen Madina? Na zaɓi takarda ne saboda gidan ƙarami ne, in na yi waya yarinyar za ta ji.

Zancen Shahad ne, 'yar ƙanenmu Usuman, wadda ya bar mini amana don ta yi jami'a. Sati uku ke nan nake jin ta tana ƙus-ƙus da Turanci, in na shigo ta yi shiru, ido jawur. Ran Asabar ina canza rigar matashinta na ga takarda da rubutun hannunta. Yaya, layukan ba daidai suke ba: sama da faɗi, tsakiya a tsuke, sak hatimi. Na ce ko wani namiji ne ya ba ta asiri.

Allah ya yafe mini, na ɗauke. Na kai wa Nuraddeen mai kantin magani, tunda ya iya Turanci, ban faɗa masa ta wa ce ba. Ya ce waƙa ce, ta wani limamin coci a Ingila da ya rasu kusan shekara ɗari huɗu. Wai ya bar neman muƙami a fada, ya koma hidima a ƙauye har ciwo ya ɗauke shi. Sai hankalina ya ƙara tashi. Da saurayi ne, ai na san abin yi.

Na tsare Shahad. Ta ce darasin jarrabawa ne kawai, halas. To wa yake kuka saboda jarrabawa? Na sa mata ido: salla ba ta wuce ta, sujadarta ma ta ƙara tsawo. Wannan ma bai kwantar mini da rai ba.

Jiya na ce ta fassara mini, kalma-kalma, kada ta ɓoye komai. Wani bawan Allah ne yake kai ƙarar zuciyarsa wurin Ubangiji, wai ta bushe, yana addu'a ba ya jin komai, yana roƙon kada a kore shi daga ƙofa. Akwai inda ya faɗi abin da ba aƙidarmu ba, na yi a'uziyya. Amma sauran, Yaya, abin da nake ji ne tun rasuwar maigidana Malam, ban taɓa gaya wa kowa ba.

Usuman zai zo Juma'a. In na faɗa, zai cire ta daga karatu. In na yi shiru, ina amana? Takardar tana jakata har yanzu, kuma sau uku na sa Shahad ta maimaita mini. Ban san wa nake zargi ba kuma, ita ko ni.

Don Allah ki ba ni amsa kafin Juma'a.

Ƙanwarki,
Juwairiyya